Daga Dandamalin Waƙa Zuwa Dandamalin Tilawa: Darasin Gasar Mawaƙa a Talabijin ɗin Larabawa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci murya Ya ƙawata ta, Ya kuma sanya ta cikin amanonin da za a tambayi bawa a kansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

A ƙarshen shekarar 2025 ma'aikatar harkokin addini ta ƙasar Masar, da haɗin gwiwar wani babban kamfanin watsa labarai na ƙasar, ta fara gabatar da shirin talabijin mai suna Daulatut Tilawa, inda matasa masu karatun Alƙur'ani ke gwada ƙwarewarsu a gaban alƙalai. Cikin 'yan makonni guntayen bidiyon shirin suka bazu a wayoyin Musulmi har suka iso gare mu, jama'a suna ta tura wa juna suna sa albarka. Mu ma mun saurara, mun ji karatu mai ratsa zuciya, mun yi wa yaran addu'a. Sai dai duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000, ya kuma taɓa zama gaban tashoshin Larabawa na tauraron ɗan'adam, zai ji a ransa cewa ya san wannan dandamali. Fitilun nan masu launi, da teburin alƙalai, da kyamarar da ke farautar fuskar iyaye a cikin 'yan kallo, da zaman jiran a faɗi wanda ya tsallake da wanda aka sallama, tun asali domin mawaƙa aka tsara su. Wannan ya sa muka ga ya dace mu koma baya mu bi tarihin gasar waƙa a talabijin ɗin Larabawa, domin mu san asalin ƙwaryar da ake zuba mana nono a cikinta yau.

Asalin ƙwaryar

A watan Oktoba na shekarar 2001 wata tashar talabijin a Ingila ta fara nuna shirin Pop Idol, wanda wani dillalin mawaƙa mai suna Simon Fuller ya ƙirƙiro. Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Ana tara dubban matasa a gwada muryarsu, alƙalai su tace su, sannan a miƙa sauran hukuncin ga masu kallo, su riƙa jefa ƙuri'a ta waya kowane mako ana fitar da mutum ɗaya, har a kai ga gwani guda. A cikin watan nan dai aka fara wani shirin a Faransa mai suna Star Academy, mallakar kamfanin Endemol na ƙasar Holan. Shi ya ƙara wani abu a kan na Ingila: ana killace masu gasar, maza da mata, a gida ɗaya na tsawon watanni ana koya musu waƙa da rawa, kyamarori kuma suna ɗaukar zamansu dare da rana. A 2002 Amurka ta ɗauki tsarin Ingila da sunan American Idol, daga nan shirin ya zama haja da ake sayar da lasisinta ƙasa-ƙasa.

Yana da kyau mai karatu ya san ta inda kuɗi ke shigowa, domin a nan ne za a gane dalilin da ya sa aka tsara shirin yadda aka tsara shi. Tashar tana samu daga masu talla, tana samu daga kuɗin kowane saƙon ƙuri'a, wanda ake rabawa da kamfanonin waya, sannan wanda ya lashe gasar yakan shiga kwangila da kamfanin waƙoƙi. Ke nan mai kallo shi ne kasuwar. Fitar da mutum ɗaya kowane mako, da nuna hawayensa, da labarin talaucin gidansu, su ne ke sa mai kallo ya ji tsoron kada gwaninsa ya faɗi, ya ɗauki waya ya aika saƙo sau goma.

Shekarar Super Star

A 2003 tashar Future ta Labanon, mallakar firaministan ƙasar na lokacin Rafik Hariri, ta sayi lasisin shirin na Ingila. Ba a yi amfani da sunansa na asali ba, wanda ma'anarsa ta farko a Turanci ita ce gunki, sai aka raɗa masa Super Star. Da aka zo zagayen kusa da na ƙarshe a watan Agusta, mutum uku suka rage: Melhem Zein ɗan Labanon, da Ruwaida Atiyya 'yar Siriya, da Diana Karazon 'yar Jodan. Ana sanar da cewa ɗan Labanon ne ya faɗi sai 'yan kallo suka hargitsa zauren, aka yi ta jifa da kujeru, jama'a kuma suka taru a ƙofar tashar suna zanga-zanga. A wancan lokaci sojojin Siriya suna jibge a Labanon, mutane da yawa sun ɗauka cewa hannun Siriya ne ya kai har cikin gasar waƙa. A zagayen ƙarshe an jefa ƙuri'a kusan miliyan biyar, Diana Karazon ta yi nasara da ƙaramar tazara, aka kwana ana shagali a titunan birnin Amman.

Jam'iyyar masu kishin Islama ta Jodan, wato Jabhatul Amalil Islami, ta yi Allah wadai da shirin. Sukar kuwa tana da nauyi, domin a lokacin wata huɗu kacal aka yi da faɗuwar Bagadaza a hannun sojojin Amurka, Falasɗinu kuma tana cikin wuta. Amma abin da ya fito fili tun daga wannan shekara shi ne, gasar ta wuce batun murya, ta koma gasar tutoci. A 2004 ma haka aka yi, lokacin da Aiman al-A'atar ɗan Libiya ya doke Ammar Hasan Bafalasɗine, kowace ƙasa ta tsaya bayan ɗanta kamar ana wasan ƙwallo.

Star Academy da fatawar malamai

A watan Disamba na 2003 tashar LBC, ita ma ta Labanon, ta fara Star Academy na Larabawa. An tara samari da 'yan mata goma sha shida daga ƙasashe daban-daban a gida ɗaya kusa da Beirut, aka ware tasha guda da ke nuna rayuwarsu ba dare ba rana, sannan kowace ranar Juma'a da dare a yi babban biki a sallami mutum ɗaya. Muhammad Atiyya ɗan Masar ne ya lashe zangon farko a 2004, Bashar al-Shatti ɗan Kuwait ya zo na biyu.

A nan maganar ta tashi daga saɓanin malamai kan kiɗa. Mun san mafi rinjayen malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi a bukukuwa, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa ya fassara aya ta shida ta Suratu Luƙman da waƙa. Mun kuma san Ibn Hazm bai yarda da haramcin ba, Imam al-Gazali ya yi dogon bayani a Ihya'u yana halatta sauraro da sharuɗɗa, Shaikh Yusuf al-Ƙardawi ma ya bi wannan hanya a zamaninmu. To amma babu ko ɗaya cikin masu sassaucin nan da ya halatta a zuba samari da 'yan mata baligai a gida ɗaya na tsawon watanni, ana sayar wa duniya kallon cinsu da hirarsu da rungumarsu. Saboda haka a 2004 Kwamitin Dindindin na Bincike da Fatawa na Saudiyya, ƙarƙashin jagorancin muftin ƙasar na lokacin, Shaikh Abdul'aziz Al Shaikh, Allah Ya ji ƙansa, ya fitar da fatawa da ta haramta kallon shirin da jefa masa ƙuri'a da zuba masa jari.

Ba a tsaya ga fatawa ba. A Bahrain, cikin shekarar nan dai, zanga-zangar jama'a ta tilasta wa tashar MBC dakatar da wani shirin killace maza da mata mai suna Ar-Ra'is kafin ya cika mako biyu. A Kuwait, bikin waƙa da 'yan Star Academy suka yi ya jawo taƙaddama a majalisar dokoki, har ministan watsa labarai Muhammad Abul Hasan ya ajiye muƙaminsa a farkon 2005, kafin 'yan majalisa su yi masa titsiye. A Saudiyya kamfanin wayar ƙasar ya toshe hanyar aika ƙuri'a ta saƙon waya. Sai ga shi a watan Afrilu na 2005, wanda ya lashe zango na biyu ɗan Saudiyya ne, Hisham Abdurrahman. Da ya dawo gida matasa suka yi masa caa a wani babban kanti a Riyad, har jami'an hisba suka tsare shi na ɗan lokaci. Shirin kuwa ya ci gaba shekara da shekaru.

Me ya sa hani bai tsayar da shi ba?

Ba mu da shakka cewa abin da malaman nan suka hana abin hani ne. Tambayar da ta wajaba a kanmu, mu masu hawa mumbari, ita ce me ya sa miliyoyin 'ya'yan Musulmi masu salla da azumi suka ji fatawar suka ci gaba da kallo. Wanda bai yi wa kansa wannan tambaya ba zai maimaita huɗuba ɗaya shekara ashirin, ya kuma yi ta mamakin rashin tasirinta.

Dalili na farko a bayyane yake. Tauraron ɗan'adam bai san iyakar ƙasa ba, kuma jarin da ke bayan tashoshin daga yankin Gulf ya fito. MBC mallakar 'yan Saudiyya ce tun da aka kafa ta a Landan a 1991, Yarima Alwalid bin Talal kuma ya sayi kaso mai tsoka a sashen tauraron ɗan'adam na LBC. Kasuwar talla mafi girma a yankin ita ma ta Saudiyya ce. Wato masu fatawa da masu jari a gari ɗaya suke kwana, kowa yana ja ta nasa ɓangare.

Dalili na biyu ya fi ciwo. A shekarar 2003 matashin Masar ya buɗe ido ya tarar da Husni Mubarak a kan mulki, na Libiya ya tarar da Gaddafi, na Siriya ya ga mulki ya tashi daga hannun uba ya koma hannun ɗa. Ga mafi yawansu, wannan gasa ce wuri na farko da suka jefa ƙuri'a suka ga ta sauya sakamako. A nan ne kuma suka ga ɗan talaka ya tsaya gaban alƙalai an auna shi da abin da ya iya, ba a tambayi ɗan wane ne ba. Ko gaskiya ne ko yaudara, haka suka gani. A watan Maris na 2007, Iraƙi tana tsakiyar zubar da jini tsakanin 'yan Sunna da 'yan Shi'a, Shaza Hassun ta lashe Star Academy da sunan Iraƙi, ɓangarorin biyu suka yi murna tare. Abin kunya ne a ce mawaƙiya ce ta haɗa kan mutanen da masu rawani suka kasa haɗawa, amma ɓoye wannan ba zai amfane mu ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matashi yana son a gan shi, a auna shi da adalci, a ji ta bakinsa. Da ya rasa waɗannan a gida da makaranta da masallaci da hukuma, sai ya same su, ko ya sami kwaikwayonsu, a wurin mai sayar da talla.

Daga Arab Idol zuwa Saudi Idol

A ƙarshen 2011 MBC ta dawo da tsarin Ingila, wannan karon da sunansa ƙarara, Arab Idol. Kalmar da aka kauce wa a 2003 ta zama ba ta tayar wa kowa da hankali. Carmen Sulaiman 'yar Masar ta lashe zangon farko a 2012, Hazim Sharif ɗan Siriya ya lashe na uku a 2014, Yaƙub Shahin ɗan Baitalami ya lashe na huɗu a 2017. Amma wanda duniya ta fi tunawa shi ne gwanin zango na biyu, Muhammad Assaf, wanda ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Khan Yunis a Gaza. Da ƙyar ya tsallake iyaka ya isa Alƙahira wurin tantancewa, ya tarar an gama raba lambobi, wani ɗan'uwansa Bafalasɗine ya ba shi tasa. Daren da ya yi nasara a watan Yuni na 2013 an cika titunan Gaza da Ramallah, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu ta naɗa shi jakadanta. Ba za mu raina farin cikin mutanen da aka daɗe ana zalunta ba. Sai dai mun ga abin da ya sami Khan Yunis daga ƙarshen 2023, mun kuma san kambun waƙa bai buɗe wa Gaza ko da ƙofa ɗaya ba. Iyakar abin da wannan dandamali ke iya bayarwa shi ne murnar dare ɗaya.

A Saudiyya kuwa al'amari ya juya. A 2016 aka rage ikon jami'an hisba, aka kuma kafa Hukumar Nishaɗi ta ƙasa. A watan Disamba na 2022 aka fara Saudi Idol a tashar MBC da haɗin gwiwar wannan hukuma, wata matashiya mai suna Hams Fikri ta lashe shi a 2023. Shekara goma sha takwas ke nan tsakanin fatawar haramta ƙuri'a da ranar da hukumar gwamnati ta ɗauki nauyin gasar. Darasin da ke nan babba ne ga duk wanda ya jingina tarbiyyar al'umma ga ƙarfin hukuma kaɗai, domin ranar da hukuma ta sauya ra'ayi, sai a ga ashe ba a gina komai a cikin zukata ba.

Da aka ce mu ma mu yi namu

Tun ana cikin wancan rikici wasu suka ga tsinuwa kaɗai ba ta isa ba, gara a samar da madadi. A 2006 tashar Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara Munshidush Sharja, gasar masu waƙoƙin addini. A Aljeriya aka yi Fursanul Ƙur'an. A 2010 wata tasha a Maleshiya ta yi Imam Muda, inda aka tara samari goma ana gwada su a huɗuba da limanci har da wankan gawa, ana sallamar su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi nasara aka ba shi gurbin karatu a Madina da kujerar hajji da limanci da mota. A watan Ramadan na 2022 aka nuna Iɗrul Kalam a Saudiyya, gasar tilawa da kiran salla mai kyautar riyal miliyan 12, inda Yunus Garbi ɗan Maroko ya karɓi miliyan 5 a tilawa, Muhsin Kara ɗan Turkiyya ya karɓi miliyan 2 a kiran salla. Hukumar da ta shirya wannan gasa ita ce dai Hukumar Nishaɗin da ta tsaya wa Saudi Idol a ƙarshen shekarar.

Adalci ne mu faɗi alherin da ke cikin waɗannan shirye-shirye. Yaron da ya ga ana karrama mahaddaci a gaban duniya zai so ya zama mahaddaci. Gidan da a da ake kwana ana kallon rawa, yau ana jin Alƙur'ani a cikinsa. Gasar karatu kuma ba talabijin ce ta ƙirƙiro ta ba: Maleshiya tana gudanar da tata ta ƙasa da ƙasa tun 1961, gasar Sarki Abdul'aziz a Makka ta fara a 1979, ta Dubai a 1997. Malamai irin su Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun halatta sanya kyauta a gasar ilimi, saboda tana ƙarfafa addini. Kyautata murya ma abin so ne, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi muryar Abu Musa al-Ash'ari, ya kamanta ta da irin baiwar da aka yi wa Annabi Dawuda.

Inda gizo ke saƙa

Matar da ta san nono ta san cewa in aka zuba shi a ƙwaryar da aka daɗe ana ajiye daddawa, zai ɗauki warinta ko da an ɗauraye ta. Tsarin gasar talabijin yana da tasa tarbiyyar, ko me aka zuba a cikinsa.

Yana koyar da cewa murya ce kan gaba, domin mai kallo ba ya iya auna hadda da hukunce-hukuncen tajwidi da sanin wuraren tsayawa, amma yana jin daɗin sauti nan take. Shi ya sa a irin waɗannan shirye-shirye ake yawan jin maganar maƙamai, su Bayati da Hijaz da Saba da Nahawand, waɗanda asalinsu ma'aunan kiɗan Larabawa ne. Imam Malik ya ƙi karatu da irin wannan rerawa, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin da aka hana rera Alƙur'ani yadda ake rera waƙa. Imam Shafi'i ya sassauta matuƙar ba a ɓata haruffa ba. Ibnul Ƙayyim ya raba tsakanin daɗin murya da ke zuwa bisa ɗabi'a da wanda ake ƙaƙalowa bisa ma'aunin mawaƙa, ya karɓi na farko ya ƙi na biyu. Dandamalin da ke rayuwa da tafi kullum ga na biyun yake jan yaro, domin shi ne ke tayar da zaure.

Yana kuma koyar da cewa sakamakon karatu shi ne shahara. A nan ne tsoronmu ya fi yawa. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa cikin mutum ukun da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai wanda ya nemi ilimi ya karanta Alƙur'ani domin a kira shi malami, a kira shi gwanin karatu. An kira shi hakan a duniya, sai ya tashi babu lada, aka ja shi zuwa wuta. Ba mu ce duk wanda ya hau dandamali mai riya ne ba, zukata a hannun Allah suke. Amma manyan magabata sun yi ta kokawa da zukatansu a kan ikhlasi alhali babu kyamara a gabansu. Yaya ɗan shekara goma sha biyu zai yi, wanda ya kwana bidiyonsa ya zaga duniya, ya wayi gari ana ɗaukar hoto da shi a kasuwa? Yaya kuma takwaransa zai yi, wanda aka nuna wa miliyoyin mutane kukansa ranar da harafi ɗaya ya kuɓuce masa? Mawaƙin da aka sallama daga gasa kwangila ya rasa. Yaron da ya haɗa Alƙur'ani da ranar da ya ji kunya a bainar jama'a, muna jin tsoron kada ya rasa abin da ya fi wannan.

Mu a nan gida

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Gidaje da yawa a Arewa sun san MBC ta hanyar tauraron ɗan'adam, kuma tsarin ya shigo Najeriya da kansa: an yi Idols West Africa a 2007, aka fara Project Fame a 2008, sannan Nigerian Idol. Yau ma ba a buƙatar tasha. Duk yaron da ke riƙe da waya yana cikin gasa a TikTok, yawan masu kallo su ne ƙuri'unsa, babu alƙali babu ranar gamawa. A gefe guda kuma muna da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ke shiryawa tun 1986. Ta yaɗa tajwidi, ta ƙarfafa karatun 'ya'ya mata, ta fitar da mahaddatan da suka wakilci ƙasar nan a Makka da sauran wurare. Ko ba daɗe ko ba jima, masu tashoshi da masu talla za su so su tufatar da gasannin karatunmu da rigar da muka gani a Riyad da Alƙahira, domin ta fi jan kasuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawararmu ga masu shirya gasa, tun daga ta unguwa har ta ƙasa, ita ce a tsare wasu iyakoki tun kafin masu kuɗi su iso. Kada a miƙa hukuncin tilawa ga ƙuri'ar 'yan kallo, balle ƙuri'ar da ake saya da katin waya. Littafin Allah ma'abotansa ne ke auna karatunsa. Makin hadda da tajwidi ya kasance shi ne mai rinjaye, na murya ya biyo baya. Kada a nuna kukan yaro ko kuskurensa domin jan masu kallo. Kaso mai yawa na kyauta ya zama gurbin karatu ko jarin sana'a, kuma a bi sawun yaran bayan an watse, a san inda suke bayan shekara biyar. A tuna da malamin allo da na Islamiyya da suka yi shekaru suna biya musu, waɗanda sau da yawa ko kujera ba a ba su ranar rufewa. A kuma yi hattara da mai neman muƙami da zai bayar da mota domin hotonsa ya fi na mahaddacin girma a jikin allon sanarwa.

Shawararmu ga kanmu, limamai da iyaye, ta fi wannan nauyi. Ƙishirwar da ta kai matasan Larabawa ga Star Academy tana nan a ƙirazan 'ya'yanmu. Masallacin da saurayi ba shi da aikin yi a cikinsa sai shara da shimfiɗa tabarma, ba a taɓa ba shi ya ja baƙi ko ya yi kiran salla ko a nemi shawararsa ba, kada ya yi mamaki in saurayin ya tafi inda za a kira sunansa. Uban da bai taɓa zama ya saurari haddar 'yarsa ya ce mata madalla ba, ya sani akwai dubban baƙi a waya da ke shirye su faɗa mata, kuma ba kyauta suke yi ba. Mu ba su wurin da za a gan su a kuma auna su da adalci, sannan mu koya musu tun suna ƙanana su ware wani karatu da babu mai jin sa sai Allah, raka'a biyu cikin dare da ba a ɗauka a waya ba.

Allah Ya sa Alƙur'ani ya zama hujja gare mu, kada ya zama hujja a kanmu. Ya tsare 'ya'yanmu daga fitinar shahara, Ya ba mu ikhlasi a bayyane da ɓoye. Allah ne Mafi sani.